Kilo Biyar Tsakanina da Auta

Litinin, da hantsi, a ofis

Siket ɗina mai ruwan toka ya ƙi rufuwa yau. Na kama shi da fil, na saki mayafi a kai, na shigo aiki kamar mai ɓoye kayan sata.

Sati uku ke nan ban sha taba ba. Na rubuta ne don in ga ko zai burge ni a takarda. Bai burge ni ba. An ce in mutum ya daina, ƙamshin duniya zai dawo masa. Ba ƙarya aka yi ba. Daga kujerata ina jin burodin da ake gasawa a bayan layi, ina jin gyaɗar da masinja ya ɓoye a aljihu, ina jin ƙwan da sakatariya ta karya da shi. Ashe duniyar nan duk abinci ce, hayaƙi ne ya daɗe yana rufa min asiri.

Tun da na fara aiki a nan, kullum da hantsi nakan ajiye taswirar da nake zanawa in hau saman bene, bayan tankunan ruwa. Yau ma ƙafata ta miƙe da kanta. Na mayar da ita ƙarƙashin tebur, na jawo durowa. Biskit, fakiti guda, har da garin da ya rage a ƙasan ledar.

Talata, da yamma

Ranar wanki. Haka muke cewa a gida, kamar zancen tufafi. Na kai ƙanena Auta asibiti aka jona shi da injin wankin ƙoda. Jininsa ya fita ta wannan roba ya koma ta waccan, shi kuma yana kwance yana kallona da ido ɗaya.

"Yaya Farfesa, wa ya hura ki?"

"Mai bakinka."

"Da ma can ba a ɗaga ki da hannu ɗaya. Yanzu kam sai an kira 'yan dako."

Na ce ya ji da abin da ya dame shi. Ya ce ai ni ce abin da ya dame shi. Shi fa tun da ya buɗe shagon gyaran rediyo da fanka bai taɓa sa wa mutum tsohon kaya ba, ga shi yanzu za a sa masa ƙodar gwanjo, kyafaffiya ma. Mutumin kujera ta huɗu ya yi dariya har injinsa ya yi ƙara, nas ta zo ta harare mu.

Na ce, "Da babu gara ba daɗi."

Ɗan'uwa rabin jiki, in ji masu iya magana. Ni ba rabi aka nema a wurina ba. Abin bai kai dunƙulen hannuna ba, kuma a duk gidanmu nawa ne kaɗai ya dace da jininsa. Likita ya kafa min sharaɗi biyu kafin a yi dashen. In bar taba gaba ɗaya, kuma fitsari zai tona ni ko kara ɗaya na sha. Sannan kada nauyina ya wuce inda yake, domin a bakin layi nake. A gaban Mama ya yi tambayar taba. Mama ta juya tana karanta kalandar bango da matuƙar sha'awa, ita da ba ta karatun boko. Shekara da shekaru tana cewa kayana suna warin janareto. Ofishinmu ba shi da janareto.

Abin da likita bai faɗa ba shi ne sharuɗɗan nan biyu ba sa ga maciji da juna.

Alhamis, bayan magariba

Mama ta zo da kula biyu. Shinkafa da man shanu, naman rago, romon ƙashi mai kitse yana yawo a kai. Ta zauna a kujerar da ke kallon tebur, ta naɗe hannu.

Na ce, "Mama, an ce kada in ƙara ƙiba."

"Wa ya ce?"

"Asibiti."

"Nas ce ta faɗa. Babban likita cewa ya yi ki ci. Wanda za a yanka sai ya tara jini. Ke kin taɓa ganin an yanka ramammiyar dabba an sami abin kirki?"

Na gode mata da kwatancen.

Tun muna yara Mama tana da wani likita a cikin kanta mai faɗin duk abin da take so. Shi ya hana mu shan ruwan sanyi, shi ya hana karatu a kwance. Na ɗauka shi ne ya sami ƙarin girma. Na so in yi musu, sai na ga hannunta a kan murfin kular. Auta ba ya cin gishiri yanzu, ba ya cin wannan, ba ya cin wancan, ruwa ma da ƙaramin kofi ake auna masa. Matar da ba ta san wata hanyar so ba sai tukunya, an raba ta da cikin autanta. Saura nawa.

Na ci. Ina ma a ce dole ce kawai. Na suɗe ƙashin.

Asabar, da safe

Ina son taba.

Asabar, da la'asar

Har yanzu.

Litinin, da azahar, a ofis

Na tauna cingam har muƙamuƙina ya yi tsami. Na tauna tsinken sakace. Na cinye murfin biro, ba da gangan ba.

Lauyan ofishinmu, abokin hawa bene a da, ya leƙo ya ce tankuna suna gaishe ni. Ya dube ni sama da ƙasa, irin duban da yake yi wa filin da ake rikici a kai, ya ce, "Kara ɗaya da safe, ɗaya da yamma, yunwar nan za ta kwanta. Wa zai sani?"

Na ce, "Fitsarina."

Ya ce bai taɓa jin shaidar da ta kai wannan rashin kunya ba.

Sakatariya kuma ta kawo min wani shayi a kwali mai hoton mace kamar muciya. Ta ce ƙanwarta ta zube cikin sati biyu. Na karanta abin da aka haɗa a ciki, na bincika. Yana rage ƙiba, ba laifi. Yana kuma lalata ƙoda. Na zuba shi a tukunyar fulawar da ke bakin taga, na roƙi fulawar gafara.

Talata, da yamma

Ranar wanki. An sha wahala kafin a sami jijiyar hannunsa. Nas ta farko ta kasa, ta kira ta biyu. Ya kawar da kai yana ba ni labarin wata mata da ta kawo fanka ta ce tana juyawa amma iskar ba ta da sanyi, a gyara iskar.

Ya tambaye ni ko Mama tana kula da ni. Na ce har kula biyu. Ya yi dariya, ya ce, "Ki ci, Yaya. Kada ki karya mata zuciya."

Da aka gama na riƙe shi zuwa mota. Gwiwar hannunsa ta cika min tafi daidai, babu saura. Mu biyun in aka haɗa aka raba, za a sami mutum biyu masu kyan gani.

Laraba, da safe

Na sayi sikeli. Na hau. Na matsar da shi bakin ƙofa, na sake hawa. Na kai shi banɗaki inda ƙasa ta fi daidai. Na yi digiri biyu, kuma na tsaya a kan ƙafa ɗaya ko zai rage.

Juma'a, bayan magariba

Yau ban ci komai ba tun safe. Ruwa da kokwamba. Na hau matakalar ofis na sauka har masinja ya tambaya ko wani abu na yar. Na dawo gida ina jin kaina kamar waliyyiya.

Mama tana bakin ƙofa. Ta taho da Goggo, Goggo ta taho da taliya da hanta da madara mai kauri. Suka sa ni a tsakiya.

Goggo ta ce, "Tubarkalla, ga wuya ya fito. Da kin yi haka tun da, da mutumin nan bai tafi ba."

Mutumin nan tsohon mijina ne, kuma ni na tafi. Ban gyara mata ba, bakina cike yake.

Bayan sun wuce na shiga banɗaki na durƙusa. Na daɗe ina kallon yatsana, da niyyar in zura shi in amayar. Ban iya ba. Naman da Mama ta tsaya a kan murhu dominsa, da ciwon gwiwarta. Na wanke fuska na fito na cinye sauran hantar a tsaye.

Lahadi, da hantsi

'Yata ta kira daga makaranta. Ta ce, "Umma, muryarki ta canza, ta yi laushi." Ta tambayi Kawu. Na ce yana samun sauƙi. Ta tambaya ko in an cire ƙoda ɗaya, ɗayar tana jin kaɗaici. Ajinsu ɗaya da masu shirin zama likitoci, amma wannan ce tambayarta. Na ce ta je ta yi karatu.

Talata, da yamma

Kujera ta huɗu babu kowa. An canza zanin. Ban tambaya ba, Auta bai faɗa ba. Yau bai tsokane ni ba.

Alhamis, da rana, a cikin mota, gaban asibiti

Ranar awo.

Nas mai sikeli mace ce da ba ta ɓata kalma. Na cire takalmi. Ta matsar da ƙarfen sikelin. Na cire mayafi da agogo. Ta ƙara matsarwa. Na fara kwance ɗan kunne, ta ce, "Anti, bar shi. Ko na zinariya ne ba zai kai kilo biyar ba."

Kilo biyar. Na tsallake layin da kilo biyar. Fitsari kuwa ya fito tas, ta ce in yi alfahari. Ina yi.

Likita ya ɗaga aikin da sati shida. Ya yi min bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa masu fili in hanya za ta bi ta kan gidansu: kitse yana wahalar da aikin, yana wahalar da ƙodar da za ta rage min, ba zai yi gangancin samun marasa lafiya biyu a maimakon ɗaya ba. Sannan ya biyo ni baranda ya yi magana a kan hannun Auta, da abin da za a koma yi in jijiyar ta rufe. Ba zan rubuta wannan ba.

Sati shida. Ya faɗa kamar akwai su a ajiye.

Alhamis ɗin dai, da la'asar

Na tsaya wurin mai tebur na bakin layinmu don in sayi ruwa. Yana ganina ya kai hannu ƙarƙashin tebur, inda yakan ɗauko min a baƙar leda ba tare da na furta ba. Ya ce, "Anti, kwana biyu. Maganin sauron ne?" Haka muke kiransa saboda masu wucewa.

Na ce sauro ya yi sauƙi.

Na tsaya fiye da yadda sayen ruwa yake buƙata. Gaba kura, baya sayaki: in na sha, fitsari, in ban sha ba, sikeli.

Juma'a, da safe

Auta ya kira. Na gaya masa an ɗaga. Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Muryarsa wasai, kamar wanda aka ce masa an fasa jarrabawa. Na ɗauka ƙarfin hali ne.

Asabar, bayan la'asar

Na yi wa Mama tsawa. Ban taɓa ba.

Ta zo da kula kamar kullum. Na ce ba zan ci ba. Ta buɗe. Na rufe. Ta sake buɗewa. Na ce, "Mama, abincin nan ne ya sa aka ɗaga aikin. Kowane cokali kwana ɗaya ne daga kwanakin ɗanki." Da ƙarfi na faɗa, har maƙwabciya ta rage rediyonta.

Ta zauna. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi min. Ta ce, "Amma babban likita ya ce..."

"Wane babban likita? Dogo ne ko gajere? Yana da gemu? A wane ɗaki kika gan shi?"

"Ni ban gan shi ba. Auta ne ya ji da kunnensa. Ya ce likita ya ja shi gefe ya ce jininki bai isa ba, in ba ki yi jiki ba ba za ki tashi daga gadon aikin ba. Ya ce kada in gaya miki daga wurinsa ne, ke 'yar boko ce, musu za ki yi." Ta gyara murfin kular, ko da yake a daidai yake. "Ai naman ma shi yake aikowa. Kullum da safe mahauci yake kawowa."

Na raka ta ta hau mota. Na dawo na zauna gaban kular har ta huce.

Lahadi

Ki ci, Yaya.

Talata, da yamma

Ranar wanki. Ban je ba. Na aika masa da mota. Ya kira sau da yawa, na bar wayar tana rawa a kan taswira.

Na yi ƙoƙarin in ji haushi mai tsabta, in tashi da shi in je in sauke masa. Ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Yaron nan ni na goya shi. Ranar da ya fara kama ni da taba a bayan ɗakin ajiya bai kai ƙara ba, ya dai ce in riƙa ba shi naman miyata na wata guda. Tun can ya san ciniki da abinci.

Yana kwance, ana neman jijiyarsa da allura, yana lissafin kitsena. Ban san ya iya haƙuri irin wannan ba.

Laraba, da la'asar

Na bar ofis da azahar. Na tsaya wurin mai tebur na ce kara ɗaya. Ya ce, "Ɗaya tak?" Na ce sauron ɗaya ne.

Shagon Auta yana nan yadda yake: fankoki a jere ba kawuna, rediyoyi ciki a buɗe, ƙamshin dalma. Yana zaune a kan kujerar da ya ɗaure wa matashi, da ƙarfen nan mai zafi da yake narka dalma da shi a hannun dama. Hannun hagu yana kan cinya, a naɗe da bandeji. Fankar sama tana juyawa.

"Yaya Farfesa. Jiya an yi cigiyarki."

Na ture wata rediyo na zauna a kan benci. Na ce, "Ina gaisuwa wurin babban likita."

Bai ɗago ba. Ya ɗiga dalma a kan wata waya, ya hura.

"Mama ba ta iya riƙe magana," in ji shi.

"Ta riƙe wata guda da ciwon gwiwa a gaban murhu. Ka kyauta mata."

Wani ya leƙo da fanka a kafaɗa, Auta ya ce ya dawo gobe.

Ya ce, "Mutumin kujera ta huɗu, kin san matarsa ce ta ba shi? Shekara biyu ƙodar ta yi masa aiki, ta tsaya. Ya dawo kan injin. Matar ce take kawo shi, da tabonta a ciki. Yanzu ga ta nan da ƙoda ɗaya da yara huɗu." Ya juya rediyon. "Ke kina da 'ya. Ni me nake da shi? Fankokin mutane."

"To ka fito fili ka ce ba ka so. Baki gare ka, duk asibiti sun shaida."

"In ce wa Mama ba na so? Ke ki faɗa mata mana."

Na ciro karan tabar daga jaka. Na sa a bakina, a tsakiyar kasuwa, ƙofa a buɗe, ni da na yi shekaru ina laɓewa bayan tanki. Takardar ta manne a leɓena kamar ba mu taɓa rabuwa ba. Na matso da fuskata kusa da hannunsa.

Na ce, "Ga wuta a hannunka. Kunna min. Zuƙa ɗaya ta isa, fitsari zai yi sauran aikin, a cire ni, kowa ya huta. Ba sai ka bi ta cikin tukunyar tsohuwa ba. In za ka ƙi ni, ka ƙi ni da hannunka, ina kallonka."

"Yaya, mutane na wucewa."

"Su wuce."

Ya ɗaga ƙarfen. Ina jin zafinsa a hancina. Ni kuma, Allah ya sani, rabin jikina addu'a yake ya kunna. Ba don komai ba sai don ina so. Wannan ma ba zan ɓoye wa takarda ba.

Mun daɗe a haka. Sai na ji ƙafarsa ta motsa a ƙarƙashin tebur, filogin ƙarfen ya faɗo ƙasa.

Ya ce, "An ɗauke wuta."

Fankar tana ta juyawa a kanmu, har tana ɗaga gefen mayafina. Babu wanda ya ɗaga kai a cikinmu.

Ya zare tabar daga bakina ya jefa cikin gwangwanin tsofaffin kusoshi. Ya goge ido da bayan hannu, ya ce hayaƙin dalma ne.

"In ƙodar ta mutu a jikina fa?"

"Sai ka biya ni. Fanka biyu."

"Kayan gwanjo da tsada." Ya ja numfashi. "Hannun nan ba lallai ya kai sati shida ba. Kin sani?"

"Na sani."

"To tashi ki tafi ki rame, ƙatuwa. Kin tare min haske."

Na miƙe. A bakin ƙofa na tambaye shi wa zai gaya wa Mama. Ya ce wanda ya haifi babban likita shi zai binne shi, ya jawo wayarsa. Na tsaya har na ji ya ce, "Mama, kina zaune? To zauna."

Alhamis, da sassafe

Sikeli bai motsa ba. Na ɗaura takalmi.